Gejin da Ɗanmaliki Ya Kawo

Akwai wani kafinta a Karaye, Gwadabe, wanda a wajen 1988 shi kaɗai ne mai injin zarto na tebur a garin. Daga Karaye har Rogo irin injin nan biyu ne rak: nasa, da na amininsa Ɗanmaliki da ke Rogo. Tare suka koyi aiki a Kano, tare suka dawo gida, kowa ya buɗe shago a garinsu. Waɗanda suka ga zamanin sun ce in Gwadabe ya tayar da janareto ya kunna injin nan, har kajin Tudun Kaya sai sun tsaya da kiwo. Ni dai ban tambayi kajin ba.

Gwadabe gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Nan ɗan ciwon yake.

Na hannu ya sayi injin, kuma ya zo babu geji. Ga wanda bai sani ba, geji wani ƙarfe ne mai doguwar jela da ke gudu a cikin wata 'yar hanya da aka ƙwaƙule a kan teburin. Yana da kai mai juyawa, a nan ake jingina katako a tura shi bakin zarto in ana son yankan kusurwa. In gejin na gaskiya ne, guntaye huɗu za su haɗu su ba da firam kamar a haka aka halicce su. In ya kauce ko da kaurin gashi ne, kusurwa ta huɗu za ta tona asiri.

Shekara da shekaru Gwadabe bai damu ba, don benci da ƙofar zaure ba sa neman kusurwa. Sai ranar da wata dattijuwa, Hajo, ta zo daga Tudun Kaya da amalanke.

Katakon maɗaci ne a kan amalanken, falle shida. Bishiyar kuwa, mijinta ne ya dasa ta da hannunsa, iska ta kayar da ita a daminar da ya rasu. Hajo ta sa aka tsaga, ta ɗora katakon a kan duwatsu a ɗakinta saboda gara, shekara bakwai tana kwana kusa da shi. Yanzu autarta Turai za ta yi aure, tana son a yi mata kabet mai ƙofofin gilashi huɗu, kowace da firam mai haɗin kusurwa, irin wanda ta gani a wani gida a Gwarzo.

Bayan an gaisa, an tambayi gida da gona da 'yan jikoki, sai ta dafa katakon ta ce, “Malam Gwadabe, wannan ba shi da ƙani. In ya tafi, ya tafi.”

Gwadabe ya ce ta ɗauka an gama.

Ƙofa huɗu, guntaye goma sha shida ke nan, kowane da baki biyu. Dole a nemi geji. Bappa mai walda, maƙwabcinsa, ya ce zai haɗa masa ɗaya: zai auna hanyar teburin, ya yi ta goga jelar da magagari har ta zauna ba ta rawa, ya sa mata maƙalli ɗaya a daidai rabin kusurwa. Ya ma nuna masa wani da ya taɓa yi. Baƙi ƙirin, babu lamba ko ɗaya, kamar an tsinto shi bayan gobara. Gwadabe ya riƙe shi da yatsa biyu, ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. Bappa ya gane irin shawarar.

Niyyarsa ya shiga Kano ya zaɓo na kanti. Har ya feƙe wani ɗan itace daidai faɗin hanyar teburin, ya sa a aljihu don ya gwada jelar duk wanda zai saya. Da ya bi wannan niyya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Ran Talata da hantsi sai ga Ɗanmaliki a kan babur, da wani abu naɗe cikin takardar siminti. Ya ce ya ji labarin aikin Hajo, ya kuma ji ana neman geji. Ya kwance takardar. Jama'a, ƙarfe ne fari fat yana ɗaukar ido, lambobi ja a jere, da mariƙi ruwan tagulla. Masu zaman benci a ƙofar shagon duk suka miƙe tsaye.

“Ina raye har sai ka je Kano?” in ji Ɗanmaliki. “Biyu na samu. Wannan naka ne, kyauta.”

To, kowane kafinta ya san ƙa'ida. Sabon geji ba a fara shi da katakon mutane. Guntayen banza huɗu ake yanka a haɗa a gani. Gwadabe ya san haka, har ya kai hannu kan wani guntu a ƙasa.

Ɗanmaliki yana zaune yana shan furar da Barira, matar Gwadabe, ta aiko masa. Ya ɗago ya yi murmushi ya ce, “Gwada shi mana, mutumina. Kar ka yarda da ni.”

Ku da kanku kun san mu. In amini ya faɗi haka a gaban mutane, ya ɗaure ka da igiyar da ba a gani. Gwada kyauta a idon wanda ya kawo ta, kamar a ba ka tuwo ne ka shinshina a gaban mai girkin. Gwadabe ya saki guntun, ya ce abin da ya fito daga hannun Ɗanmaliki ba abin gwaji ba ne. 'Yan benci suka yi ta sa albarka, ana cewa amintaka irin wannan ta yi wuya a zamanin nan.

Ya sa gejin a kan lamba arba'in da biyar, wato rabin kusurwa, ya ɗaure. Da ya tura na farko ya ji jelar ta ɗan yi rawa a cikin hanya. Hannunsa ya gaya masa, shi ne bai saurara ba. Kafin la'asar ya yanke duka goma sha shida, baki biyu-biyu, ya jera su a jikin bango. Ɗanmaliki ya yaba, ya hau babur ya tafi.

Laraba Gwadabe ya wuni a Gwangwan wajen sunan ɗan ƙanensa, shago a kulle. Sai ran Alhamis ya ɗauko gam zai haɗa.

Kusurwa ta farko ta haɗu. Ta biyu ta haɗu da lallashi. Ta huɗu kuwa ta buɗe baki, wai har ƙadangare ya bi ta ciki ya wuce bai sunkuya ba. Ya gwada ƙofa ta biyu, haka. Ta uku, ta huɗu, duk haka, kuma kowace da irin tata karkatar. Ya ɗora sukwaya, ma'aunin kusurwa, a kan gejin, ya ga lambobin ado ne kawai. Ya zauna a kan benci. Ko a lokacin bai zargi kowa ba. Tausayin Ɗanmaliki ma ya ji, yana cewa a ransa 'yan kasuwa sun cuci bawan Allah.

Ran Juma'a da safe ya hau keke zuwa Tudun Kaya. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Hajo, ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce katako ya sami matsala a hannunsa.

Hajo ta ce, “Ai na sani, ɗan nan. Abokinka na Rogo ya zo ya yi mini jaje.”

Ta ce har ya yi mata tayin zai yi wa Turai wani da katakon kanti ya lulluɓe da fomeka, ita kuma ta ce masa ba fomeka mijinta ya dasa ba.

Gwadabe ya tambaye ta, “Inna, yaushe ya zo?”

“Shekaranjiya. Laraba da safe.”

Laraba, shago a kulle, guntaye a jingine, babu wanda ya haɗa ko biyu daga cikinsu. Shi kansa mai aikin bai san sun lalace ba sai Alhamis.

Daga nan bai koma gida ba, Rogo ya nufa. Ya tarar da Ɗanmaliki a shago. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, aiki, iyali, gajiya, ba wadda aka tsallake. Idon Gwadabe kuwa yana kan injin abokinsa, inda wani geji baƙi ƙirin marar lamba yake zaune daram a cikin hanyarsa. Aikin walda. Farin da aka ce biyu ne, babu ɗan'uwansa ko'ina a shagon.

Gwadabe ya ce masa daga Tudun Kaya yake. Ɗanmaliki ya ci gaba da kaɗe ƙurar katako daga rigarsa, ya ce, “Ai na ce ka gwada. A gaban mutane na faɗa.”

Gwadabe ya tambaye shi me ya yi masa. Ɗanmaliki ya ce bai yi masa komai ba. Shekara goma sha biyu dai yana zaune a nan yana kallon mutanen Rogo suna wuce ƙofarsa da katako a ka za su Karaye, kuma ko sau ɗaya Gwadabe bai taɓa ce wa wani, “Ga Ɗanmaliki can kusa da ku” ba. Ya faɗa a hankali, kamar mai ba da labarin damina. Gwadabe ya san cikin maganar akwai gaskiya, amma gaskiyar ba ta kai a lalata katakon marainiya ba. Ya yi sallama ya fito.

Washegari ya je wurin Bappa, murya ƙasa-ƙasa. Bappa bai yi masa gori ba, sai dai ya tambaye shi ko an gama shawarar. Kwana biyu ana guga. Gwadabe ya gwada sabon gejin da guntayen banza har sau uku, sannan ya sake gyara bakin kowane guntun maɗaci. Kowane baki ya ci yatsa biyu. Ƙofofi suka ƙanƙance, dole kabet ɗin duka ya bi su.

Ranar da Hajo ta zo ɗauka, ta bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Ko allura ba za ta shiga ba. Ta ja baya ta dubi tsawon. Ta ce manyan kwanukan samirar da ta tara wa Turai ba za su shiga hawan sama ba, sai dai a ɗora su a ka. Ba ta ɗaga murya ba.

Sannan ta ce, “Ina abin da ka rage?”

Gwadabe ya ɗauko wani kwano daga ƙarƙashin tebur. 'Yan guntaye ne jajaye talatin da biyu, kowane bai fi ɓarin goro ba. Hajo ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa, ta juye su, ta tsince har wanda ya faɗi gefe, ta ƙulle.

“Waɗannan ma na marigayi Malam ne,” in ji ta.

Ta ɗora ƙullin a ka, ta bi bayan amalanke.

Darasi: Kunyar aboki ba ta halatta maka wasa da amanar wani. Abin da aka damƙa maka ba naka ba ne, don haka ka gwada kayan aikinka kafin ka taɓa shi, ko da mahaifinka ne ya kawo, ko da gari duka na kallo. Mai ƙaunarka na gaskiya ba ya jin haushin gwaji. Kuma in Allah ya buɗa maka, ka riƙa waiwayar wanda kuka taso tare. Ku tura wa kafintan unguwarku, da duk wanda kuka san kunya na hana shi duba abin da ya kamata ya duba.