Mai Lambun da Ya Wanke Ɗan Tunkiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani mutum ne wai shi Nomau, yana da lambu a bakin fadama. Tun yana yaro bai san wata sana'a ba sai ban ruwa. Da asuba ya kama jigo, ya zuba wa mangwaro, ya zuba wa gwaiba, ya saki ruwa cikin fangalin albasa. A wurinsa komai ya lalace a duniya, ruwa ne ya yi masa kaɗan.

Sai da ya yi furfura sannan yayarsa ta ba shi tunkiya mai ciki, tsohuwa tukuf. Ta ce, "Ka kula da ita, ƙanena. Wannan cikin ne na ƙarshe."

Nomau bai taɓa kiwon ko kaza ba. Ya kafa mata turke a gindin mangwaro, kullum yana leƙa cikin, yana murna.

Ran nan da hantsi, sai tunkiya ta durƙusa ta haihu. Ɗa ya faɗo jina-jina, duk yauƙi. Kafin uwar ta juyo ta lashe abinta, sai Nomau ya ce, "Kai, wannan ƙazanta haka!" Sai ya sure shi, ya kai bakin rijiya, ya wanke shi tas, har cikin kunne. Kun ji aikin wanda bai sani ba kuma bai tambaya ba.

Ya dawo da shi yana washe baki. Sai tunkiya ta sunsuna, ta tunkuye shi.

Ya ce, "Haba baiwar Allah, ɗanki ne fa!"

Ta ce, "Nawa warina yake yi. Wannan warin rijiya yake. Kai wa rijiya ta ba shi nono."

To, jaririn tunkiya in bai sha nonon farko a yinin haihuwarsa ba, ba ya kwana. Wannan kam Nomau ya taɓa ji. Sai hankalinsa ya tashi.

Sai ya ce wa mangwaro, "Mangwaro, yaya zan yi?"

Mangwaro ya ce, "Ni dai in na yi yaushi, guga biyu kake ba ni. Ba shi biyu."

Sai ya kwara masa guga biyu. Ɗan ya hau rawar ɗari. Ya kai wa uwar, ta tunkuye shi.

Sai ya ce wa gwaiba, "Gwaiba, yaya zan yi?"

Gwaiba ta ce, "Ba a kai ake zubawa ba, a gindi ake zubawa."

Sai ya tsayar da shi, ya tsiyaya masa ruwa a ƙafafu. Ƙafafun suka lanƙwashe, ya zube. Ya kai wa uwar, ta juya masa baya.

Sai ya ce wa albasa, "Albasa, ke fa?"

Albasa ta ce, "Ja masa fangali, ka sako ruwa a hankali, ya jiƙu har yamma."

Wallahi har ya ɗauki fartanya. La'asar ta yi, ɗan ya daina ko kuka, sai numfashi sama-sama. Sai ga wata Bafulatana mai tallan nono, sunanta Daso, ta biyo ta gefen shinge za ta koma ruga. Ta leƙo ta ce, "Baba mai lambu, dasa shi za ka yi?"

Nomau ya gaya mata duk abin da ya faru. Daso ta sauke ƙwarya, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Ka tambayi itace maganar nono? Kawo gishiri da dusa. Kuma ka cire rigarka."

Ta goge ɗan da rigar har jikinsa ya yi ɗumi. Ta tatso nonon uwar kaɗan ta shafa masa a ka da gadon baya, ta barbaɗa gishiri da dusa. Ta ajiye shi gaban turke, ta ce, "Koma can ka zauna. Kada ka taɓa komai."

Tunkiya ta kau da kai. Can sai ƙanshin dusa ya kai mata. Ta lasa sau ɗaya don gishiri. Ta sake lasa. Ta yi ta lasa tun daga kai har wutsiya, sai ta tsaya ta sunsuna.

Ta ce, "Af! Ina ka shiga tun safe?"

Ta gyara tsayuwa. Ɗan ya yunƙura ya faɗi, ya yunƙura ya faɗi, a na uku ya kai bakinsa hantsa.

Nomau ya ce a hankali, "Yana sha kuwa?"

Daso ta ce, "Dubi wutsiya. In tana kaɗawa, nono na shiga."

Nomau ya zuba ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Sai 'yar wutsiyar nan ta motsa, ta shiga kaɗawa. Dattijo da gemunsa ya zauna daɓas cikin laka, ya fashe da kuka.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya. In abu ya fi ƙarfin saninku, ku tambayi wanda ya taɓa yin sa. Ku tashi haka nan, kowa ya nemi tabarmarsa.