Ƙarar da ke Gaban Keken Jatau

An yi wani mutum a wani gari mai rafi ta gabas, wani bawan Allah mai gyaran keke, ana ce masa Nomau. Rumfarsa a gindin tsamiya take. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa keke ba ya fara ɗaukar sifana, sai ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ya lumshe ido, ya girgiza shi a hankali kamar mai lallashin jariri. Masu wucewa su ce barci yake yi. Ba barci ba ne, sauraro ne.

Ku saurara da kyau.

Wata rana da hantsi sai ga Jatau ɗan koli da kekensa, irin mai sifirin a ƙafar gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da taya, don ya sha gargadar hanya. Tun daga nesa ake jin gaban keken yana kwaram-kwaram. Matar Jatau, Tasalla, ta yi yaji zuwa gidan iyayenta a hayin rafi, ranar nan kuma zai je biko, ya ɗauko ta a bayan keke.

Ya ce, "Baba Nomau, kashe mini ƙarar nan. Ba zan shiga gidan surukai kamar mai tallar gwangwani ba. Dama ta ce komai nawa hayaniya ne."

Nomau ya ɗora hannu, ya lumshe ido. Ganyen tsamiya na zubo masa a kafaɗa, bai motsa ba. Can ya kwance ƙafar gaban, ya zaro sifirin, ya goge baƙin mai, ya ɗaga bututun ya duba a rana. Ga tsaga siririya kamar gashi ta zagaye wuyan ƙarfen.

Ya ce, "Jatau, ba noti ne ya saki ba. Ƙarfen ne ya tsage. Sai an samo wani daga birni."

"To, cusa masa tsohuwar roba, ka cika da giris. Kowa haka yake yi."

"Zai yi shiru. Amma gangaren rafi fa, ku biyu a kai?"

"Baba, gyara na kawo, ban zo tafsiri ba. In tsufa ya hana, ka faɗa, in kai wa Ilu na bakin kasuwa."

Jama'a, a nan jarrabawar take. Robar na gabansa. In ya cusa, a yi masa godiya. In ya ƙi, a kai wa wani ya cusa, shi kuma ya ce ba ruwansa. Yawancinmu a nan muke tsayawa, mu ce ai mun faɗa.

Nomau ya tashi, ya janyo nasa keken daga bayan rumfa. Tsoho ne, ba sifirin, ba ado, amma lafiyayye. Shi yake hawa zuwa ƙauyensu, ba shi da wani.

Ya ce, "Hau wannan. Ba ya magana, kamar mai shi. Ka saka mata zane a mazaunin baya, ƙarfen yana da tauri."

Jatau ya karɓa yana gunaguni cewa bai da kyan gani.

Da la'asar Nomau ya kama hanyar gida a ƙafa, da gwiwarsa mai ciwo. Ya bi ta fadama. Balbelu na sauka a bayan shanu, hayaƙin girki ya kwanta a kan gonaki kamar farin mayafi, ruwa na tafiya ba ya sauri. Ya riƙa tsayawa yana hutawa, yana tasbihi, yana jin kamar ƙasar ce ke tafiya da shi.

Washegari Jatau ya dawo da Tasalla a baya, tana riƙe da ƙullin kayanta. Nomau ya miƙa masa ƙafar kekensa da ya kwance. Jatau ya kafa ta a ƙasa, ya danna da nauyinsa don ya nuna lafiyarta lau. Ta karye biyu a hannunsa.

Tasalla ta dubi guntayen, ta dubi mijinta. Ta ce, "Malam, a kan wannan ka so ɗauko ni?"

Jatau ya tsuguna a gindin tsamiyar, ya kasa ɗaga kai.

Kuna jira in ce Nomau ya yi arziki? Bai yi ba. Da sifana a hannu ya tsufa, ladansa yana wurin Wanda ya gani.

Abin da nake gaya muku shi ne, ƙara rahama ce. Akwai abin da ke kwaram-kwaram a gidanka, a sana'arka, a zuciyarka, kai kuma roba kake nema ka cusa don kada maƙwabta su ji. Shiru ba lafiya ba ne, kuma ba kai kaɗai ke kan keken ba. Ku buɗe ku duba tsagar. In kuma kun ga ta ɗan'uwanku, kada ku faɗa masa gaskiya ku bar shi a tsaye. Ku ba shi abin da zai hau.

Allah Ya sa mu ji tun kafin gangare.