Ranar da Aka Cire Ƙarfen

An yi wani manomi da ke zaune shi kaɗai. Wata rana yana gyaran jinkar rumbunsa ya faɗo, idon sawunsa ya karye. A asibiti aka yi masa aiki, aka ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi. 'Yan'uwa na ikkilisiya suka yi ta zuwa dubiya, wannan da kunu, wancan da ƙwai, har wurin zama ya yi wuya.

Da ƙashin ya haɗe, aka sake yi masa aiki aka cire ƙarfen. Likita ya ce masa, "Baba, saura babban aikin. Kowace safiya a sami wanda zai lanƙwasa maka ƙafar, ka dafa kafaɗarsa ka taka. In aka bar ta, za ta sandare."

Ran Lahadi aka ɗauko shi a kan babur zuwa sujadar godiya. Aka ɗaga ƙarfen sama kowa ya gani, mata suka yi guɗa, aka ci shinkafa. Ya faɗa musu abin da likita ya ce. Suka ce, "Haba Baba, Allahn da ya fara ai shi zai ƙarasa!" Kowa ya kama gabansa.

Ran Litinin ya zauna a bakin ƙofa yana duban hanya. Ba wanda ya zo. Ya dafa bango ya gwada shi kaɗai, ya faɗi, tsoro ya kama shi. Kafin damina ƙafar ta sandare, gonarsa kuwa ciyawa ta cinye ta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka yi guɗar nan su ne suka wuce ta gonar suna cewa, "Mutumin nan ya saba da kwanciya."

Ga ma'anar misalin. Manomin shi ne sabon tuba, ko wanda ya bar giya, ko gwauruwar da aka gama zaman makokin mijinta. Ranar taro muna nan da ganga da anko. To, ran Litinin fa? Allah ya haɗa ƙashin, amma kafaɗar da za a dafa ya bar ta a jikinku. Kada ku ƙara kiran kowa mai ja da baya sai kun faɗa mini safiya nawa kuka je ƙofarsa.