Filin da Jabir Bai Taka Ba

A garin Batsari an yi wani matashi mai suna Jabir, yana aiki a wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine da ke bakin titi. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. In ya zauna gaban kwamfuta ya zana maka gida, sai ka ji kamar ka kwaso kayanka ka tare yau. Amma fa yana da ciwo guda: bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba", balle "ina jin tsoro". Ko hanyar Legas ka tambaye shi, shi da bai taɓa wuce Funtuwa ba, sai ya gyara tsayuwa ya kwatanta maka.

Mai ofishin, Malam Sammani, dattijo ne marar hayaniya, ma'aikatansa duk Baba suke ce masa. Doka ɗaya gare shi wadda ba ya sassautawa. Ba a jan layi a takarda sai mai zanen ya je ya taka filin da ƙafarsa, ya gaisa da masu wurin, ya ga inda ruwa ke bi da inda mutane ke zama.

Wata rana aiki ya zo daga wani ƙauye da ke gaba da Runka a ƙasar Safana. Ƙungiyar 'yan asalin garin ce ta haɗa kai za ta gina ɗakin haihuwa, domin matansu na shan wahala. Hanya ba lafiya, kuma ɗora mai naƙuda a kan babur zuwa Safana kasada ce babba.

Malam Sammani ya dubi ma'aikatansa ya ce, "Wa zai je ya ga filin?"

Kamila, abokiyar aikin Jabir, ta ce, "Ni kam Baba, gaskiya ina tsoron hanyar nan."

"Ba laifi, 'yata. Tsoro ba abin kunya ba ne."

Jabir ya kwashe da dariya. "Haba Kamila! Runkar nan ta bayan gida? Baba, bar mini. Gobe da safe ina can."

Washegari kuwa ya kama hanya, har ya isa tashar Safana. Nan ya ji direbobi na hirar yadda 'yan bindiga suka tare hanyar ranar kasuwar da ta wuce. Gogan naka ya kashe waya, ya lallaɓa shagon wani abokinsa ya shige, bai fito ba sai bayan la'asar. Kafin ya hau motar komawa, sai da ya tsaya ya shafa wa takalminsa jar ƙasa, don a ga alamar ya sha tafiya.

"Ka taka filin?" in ji Malam Sammani.

"Lungu-lungu, Baba."

"Ya mutanen?"

"Suna gaishe ka da kyau."

Dattijon ya sa masa albarka. Jabir ya buɗe kwamfuta ya nemo hoton filin wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Hoton tsoho ne, shi kuwa bai damu ya bincika ba. Ya ga fili fetal a gefen hanya, sai ya juya ƙofar ginin ta fuskanci hanyar, don mota ta riƙa tsayawa daidai bakinta. Zane ya yi kyau, kowa a ofis ya yaba.

Aka ba wani ɗan kwangila, Almustapha, aikin ginin. Saboda halin hanya, Malam Sammani ya amince a riƙa turo hotunan aiki ta waya, Jabir na dubawa, tunda shi ne ya san wurin. Gini na kai tsayin taga, sai ga kiran Almustapha.

"Malam Jabir, mutanen gari na ta ƙorafi a kan ƙofar nan. Wai ta kalli inda maza ke zama. Ko a gaya wa Baba a juya ta tun da sauran dama?"

Jabir ya yi lissafi da sauri. In maganar ta kai kunnen Malam Sammani, tambayar farko ita ce, kai da ka je ba ka ga mazan ba? Ya daure ya ɗaga murya. "Kai maginin ne ko mai zanen? Bi takarda yadda take. Mutanen ƙauye ba sa rasa abin cewa."

Almustapha ya ce to, ya bi takarda. Aka gama gini, aka yi fenti, aka kawo gadaje da ungozoma. Jabir ya saki jiki, ya ce magana ta wuce.

Ashe ba ta wuce ba. Bayan 'yan watanni, da hantsi, Malam Sammani ya fito daga ofishinsa fuska ba walwala. Ya ce shugaban ƙungiyar ya kira shi, wai tun da aka buɗe ɗakin haihuwar nan mata sun ƙi shiga. "Gobe za mu je mu gani da ido. Jabir, kai za ka nuna mana hanya."

Ko a nan, da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Cewa ya yi, "Allah ya kai mu, Baba."

Suka tashi a motar ofis, a-kori-kura, direbansu Alu na tuƙi. Daga Safana zuwa gaba hira ta mutu. Gonaki ga su nan an bar su ciyawa ta cinye, wani ƙauyen ko kaza babu. Alu sai salati yake ƙasa-ƙasa, idonsa na kan daji. Suna wuce Runka, hanya ta rabu biyu.

"Dama ko hagu?" in ji Alu.

Jabir ya dubi nan, ya dubi can. "Dama."

Suka yi dama. Hanya ta riƙa tsukewa, itatuwa na ƙara duhu, ba sawun taya ko ɗaya a ƙasa. Alu ya taka burki da kansa. "Baba, ni fa hankalina bai kwanta ba. Wannan hanyar daji ta nufa."

Malam Sammani ya juyo ya tsura wa Jabir ido. "Nan ba wurin canki-canki ba ne, rayukanmu ne a cikin motar nan. Ka san hanyar ko ba ka sani ba?"

"Damina ce ta canza ta, Baba."

Dattijon ya sa Alu ya juya da sauri, suka koma mararrabar, wani mai babur ya yi musu jagora ta hagu.

Suna shiga garin Jabir ya hango gininsa. Filin da ya gani fetal a hoto, gabansa tashar babura ce. Ga mai shayi, ga mahauta da tukubarsu, ga benci-benci cike da maza, dattawa da samari. Ƙofar ɗakin haihuwar kuwa ta buɗe baki tana kallonsu kai tsaye.

Mai Unguwa Yero ya tarbe su, aka shimfiɗa tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya da iyali. Sannan ya dubi Jabir ya ce, "Ko wannan ne yaron da muka yi ta jira? Allah sarki. Ranar har fura aka dama masa. Mata suka taru za su nuna masa lungun da suke bi ta baya, inda suke son ƙofar. Har rana ta faɗi ba mu gan shi ba, muka ce Allah ya sa dai lafiya."

Ba wanda ya dubi Jabir.

Ungozomar, Nazifa, ta durƙusa gefe ta gaishe su, ta ce, "Baba, macen garin nan ba za ta ratsa gaban surukinta da abokan mahaifinta tana riƙe da ciki ba, balle haihuwar fari. Gida nake bin su, in an kira ni da wuri." Ta dubi Mai Unguwa.

Shi ya ƙarasa da kansa. "'Yata ce, Hadiyya. Ranar kasuwa naƙuda ta kama ta. Uwarta ta rako ta har kwanar can, Hadiyya ta hango surukinta zaune wurin mai shayi, ta ce ko za ta mutu ba za ta wuce ba. Suka koma gida. Haihuwar ta zo da gardama, kafin a kira Nazifa ɗan ya koma. Namiji ne. Ita dai Allah ya bar mana ita." Ya share fuska da hannun riga. "Ƙaddara ce, ba mu riƙe kowa ba."

Malam Sammani ya juyo ga Jabir. "Jabir, da ka ce mini tsoro kake ji, wallahi da ni na zo da tsufana."

Mai Unguwa ya miƙe, ya kama hannun Jabir a hankali, ya kai shi bakin ƙofar. "Tsaya nan, ɗana. Ba don komai ba, don dai ka ga abin da suke gani."

Jabir ya tsaya. Tashar gaba ɗaya ta yi tsit, idanu suka yo kansa caa. Shi namiji, lafiyarsa ƙalau, ba ciwon komai, amma ya kasa ɗaga kai ya dube su. Nan hawaye suka zubo masa a gaban kowa. Malam Sammani ya ɗauki nauyin toshe ƙofar da buɗe wata ta lungu, Jabir kuwa daga ranar kunya ta sa ya bar ofishin, bai sake komawa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tsoro ba laifi ba ne, ɓoye shi da ƙarya ne laifi. Duk wanda aka damƙa wa aikin da wasu za su rayu a cikinsa, to ya je ya gani, ya tambayi masu wurin, in kuma ya kasa ya faɗa tun da wuri a nemi wata dabara. Kunyar faɗin gaskiya ta ɗan lokaci ce, kuma kai kaɗai za ka sha ta. Ƙaryar da ka yi don kare girmanka kuwa, sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne take faɗa wa, kuma ba kowace ɓarna ce ake iya gyarawa da bulo da siminti ba.