Shelar Jatau

An yi wani mutum a wani gari, shekaru masu yawa da suka wuce, sunansa Jatau. Mai shela ne, abin da ya gada ke nan, da shi yake ci da iyalinsa. Ku saurara.

Sarkin garin ya kafa doka: matar da mijinta ya rasu, da makaho, da tsohon da ba shi da mai kula da shi, kowa yana da rabon hatsi a rumbun gari. Doka mai kyau. Amma malaman fada suka rubuta ta da Larabci mai nauyi, aka ce Jatau ya haddace, ya faɗa yadda take.

Ya faɗa kasuwa uku. Ko mutum ɗaya bai je rumbu ba.

Wata maƙwabciyarsa, Kande, mai marayu huɗu, ta tare shi ta ce, "Malam Jatau, wannan shela taka, haraji aka ƙara?"

Ya ce, "Wallahi, Kande, ni ma mai faɗar ban sani ba."

Kunya ta kama shi. Ya je wurin alƙali ya durƙusa, ya yi ta tambaya har ya gane. Daga nan ya nufi wurin ma'aji mai kula da rumbu.

"Ranka ya daɗe, zan faɗa da Hausa."

Ma'aji ya ce, "Ka sauya kalma ɗaya, a bakin aikinka."

Ku lura, jama'a, ma'aji ya san inda hatsin da ba a karɓa ba yake tafiya.

Ran kasuwa Jatau ya buga ganga ya ce, "Wadda mijinta ya mutu, ki je rumbu! Makaho, a kai ka rumbu! Tsoho, ka je rumbu! Haƙƙinku ne, ba roƙo ba ne, kuma ba a ba kowa ko goro!"

Kafin la'asar an karɓe gangarsa, ba a kuma mayar masa ba. Itace ya koma sayarwa har ya rasu. Amma magana ta riga ta shiga gari, kowa ya ji, kowa ya gane.

To, 'yan'uwa, dokar taimako da talaka bai gane ba, ba ta taimake shi da komai ba. Kai ma'aikaci, kai mai ilimi, in ka san haƙƙin wani ka bar shi cikin duhu, kana da hannu a yunwarsa. Ka faɗa masa da harshen da yake ji. Allah zai tambaye ka.