Kumatun Sodangi

Akwai wani mutumin garin Suki, Sodangi, da ya yi shekara tara a Alƙahira yana sayar da turare. Allah ya buɗa masa, tumbi ya fito. Abu ɗaya ya dame shi: tsagar gado uku a kowane kunci. Ya gaji da tambayar, "Kai ɗan ina ne?"

Sai ya tafi wurin likitan gyaran fuska. Aka zuƙo kitse daga tumbin nan, wanda dama ya yi yawa, aka tace, aka ɗura masa a kumatu da allura.

Likitan dai ya gaya masa gaskiya. Ya ce tsokar fuska siririya ce, a jikin fata take manne, kuma akwai wadda ta taso daga ƙashin kunci zuwa gefen baki, ita ke jan murmushi. Tsagarsa ta yi zurfi har ta kama ta. Kitse zai cike ramin, amma duk ranar da tsokar ta motsa, layukan za su leƙo.

Sodangi ya ce khalas, shi ke nan, murmushin ma na mene ne. Wata takwas yana yawo da fuska kamar tulu.

Ana nan ƙanwarsa Yalwa ta kira, ta ce jikin mahaifiyarsu, Inna Dije, ya yi nauyi. Ya kamo hanya, mota bayan mota, har Suki.

Tsohuwar ta makance, kunne ma ya ja baya. 'Ya'yanta da hannu take gane su. Ta shafa kuncinsa, ta sake shafawa, ta janye hannu.

"Yalwa, ba baƙon nan shayi. Ni Sodangi nike jira."

Ya rantse, ya kira sunan kakanni. Ta ce tun da aka fara yaƙi baƙi ke shigowa, kowa da labarinsa.

Yalwa ta ce a gajiye, "Yaya, yi mata dariya mana."

Ya gwada, ta ƙi zuwa. Sai baki ya karkace, kuka ya ƙwace masa. Yalwa ta mayar da hannun tsohuwar kan kuncin. Layi uku, ga su nan.

Inna Dije ta ce, "Kai ne. Wa ya kumbura ka haka?"

Darasi: Kafin ka goge abin da gida ya sa maka, tuna wanda da shi kaɗai yake gane ka. Ku tura wa 'yan'uwa na nesa, musamman masu sababbin kumatu.