Igiyar Gugan Haladu

Akwai wani manomi a Yolde Pate, zamanin Jihar Arewa maso Gabas, ana kiransa Haladu. Yana da lambu da rijiya da 'yan shanun tatsa. Mutumin kirki ne, amma fa akwai saurin hawa. Kafin ka gama yi masa bayani, shi ya gama yanke hukunci.

Wata bazara gudawa ta shiga gidansa. Wadda ta fi jin jiki ita ce autarsa Sakinatu, har idanunta suka faɗa.

Haladu bai yi dogon tunani ba, ya ce ai daga garken Hamajoɗa ne. Hamajoɗa maƙwabcinsa ne, makiyayi, shekara da shekaru suna zaune lafiya, garkensa kuwa yana ta saman rijiyar. Haladu ya rantse sai ya kai ƙara wajen mai unguwa an tashe shi daga wurin.

Mahaifiyarsa, Gogo, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Da idonka ka ga kashin shanun ya shiga ruwan?"

"Gogo, wannan ai ba sai an gani ba."

"To je ka kira masu gani."

Yana ƙunƙuni ya hau kekensa zuwa Jimeta, ya taho da Malam Nicodemus, ma'aikacin ɗakin gwaji. Nicodemus ya zura kwalbarsa mai tsabta ya ɗebi ruwa daga cikin rijiyar. Ya kuma sa Haladu ya jawo da gugansa yadda ya saba, ya cika wata kwalbar daban.

Da Haladu ya koma jin sakamako, aka ce masa duka kwalaben akwai ƙwayoyin da ake kira kolifom. Ai kuwa sai ya miƙe, har da gyara hula.

"Zauna, Malam Haladu," in ji Nicodemus. "Dangi ɗaya ne, amma kala-kala ne. Akwai na ƙasa da ganye, akwai na cikin hanjin mutum da dabba. Sai na sa su a akwatin ɗumi, na ƙara zafi. Na hanji ne za su jure su ci gaba da yaɗuwa, sauran ba za su iya ba. Ka ba ni lokaci."

Jiran nan ya yi wa Haladu wuya ba kaɗan ba. Har ƙofar mai unguwa ya je ya tsaya, ya tuna maganar Gogo, ya juyo gida yana huci.

Da sakamako ya kammala, Nicodemus ya zo har gona. Ya ce ruwan cikin rijiya ƙwayoyin ƙasa kawai gare shi, a yi mata murfi a riƙa tafasa na sha. Na guga kuwa cike yake da na hanji.

"Ina kuke ajiye igiyar gugan nan?" in ji Nicodemus.

 Ashe tun da igiyar ɗaure maruƙan Haladu ta tsinke, da ta gugan ake ɗaure su lokacin tatsa. Ta sha birgima cikin kashi, a kwance ta a zura a ruwa, a jawo da hannu ana tsiyayar da ita cikin guga. Maruƙan Haladu, igiyar Haladu, hannun Haladu.

Wallahi sai da ya zauna a ƙasa. Kunya ta kama shi, amma sauƙin da ya ji a ransa ya fi kunyar yawa, domin bai kai ƙarar ba. Ga Sakinatu kuma ta fara shan kunu da kanta.

Ya nufi wajen Hamajoɗa. Ashe magana ta riga ta kai masa. Ya tarar da shi yana tuge turakun garke, matarsa tana haɗa ƙore.

"Bappa Haladu, yarinya ya samu sauƙi?" in ji Hamajoɗa da irin Hausarsa ta makiyaya. "Mun ji an ce shanunmu ne. Gara mu matsa, kada wani yaro ya sake kwanciya saboda mu."

Haladu ya kasa haɗa ido da shi. Ya sunkuya ya ɗauki turken da aka tuge, ya mayar da shi raminsa, ya danna ƙasa da ƙafa.

"Ba shanunka ba ne, nawa ne," ya ce. "Miƙo min na gaba."

Darasi: In abu ya lalace a gidanka, fara duba hannunka kafin ka nuna maƙwabci, kuma ka bari bincike ya kai ƙarshe kafin ka ɗora wa wani laifi. Ku tura wa wancan ɗan'uwan naku mai saurin hawa, kowane gida akwai shi.